Baba, Ina Zuwa!

Shekaranjiya Juma'a abin ya faru, kuma har yanzu in uwargida ta shigo ɗaki muka haɗa ido sai ta juya ta koma tsakar gida ta ƙarasa dariyarta a can, wai don kada raina ya ɓaci. Ta taga nake jiyo ta.

Motar ƙarama ce, 'yar Turai, ƙirar 2003, mai giyar hannu. Irin waɗanda suka gama bautarsu a can, aka loda su a jirgin ruwa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka sauke a Kwatano, suka gangaro mana. Tun Janairun 2017 gwamnati ta ce kada a ƙara shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, saboda haka ban tambayi hanyar da tawa ta biyo ba, dillalin ma bai ɗauko zancen ba. Abin da ya ɗauko shi ne wai wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci, daga coci sai kanti. Duk motar da aka taɓa sayarwa a Kano tsohuwar nan ce ta hau ta. Allah ya huta gajiya. Sai ranar da na kai ta wanki aka zaƙulo tikitin tashar Wudil a ƙarƙashin kujera, na gane ashe Baturiyar ta ɗan taɓa haya.

Bakanikena, wanda kowa ke kira Injiniya, ranar farko ya buɗe bonet, ya ciro wani ɗan ƙarfe daga bakin tiyon ruwa ya yar, ya ce wannan na ƙasar ƙanƙara ne, ya haɗa fanka kai tsaye yadda da an kunna mota za ta hau juyi. Tamostat ke nan ya tafi. Daga baya wani abokin aikina mai karance-karance ya fahimtar da ni cewa an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 90, in aka hana shi kaiwa nan sai kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta antaya masa mai. Abin tace hayaƙin da ke cikin salansa kuwa, wanda kanikawa ke kira indomi, tun kafin motar ta zo hannuna wani ya fasa ya kwashe, don akwai burbushin ƙarafa masu tsada a jikinsa. To ga inji mai haɗama, ga salansa wayam. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wa ya damu? Daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, zuwa ƙarshen 2024 da lita ta haura 1,000, na ƙware wajen gangarowa daga kan gadar Ƙofar Nasarawa a firi.

Ramukan damina suka cinye shokozoba, shaf ya soma ƙas-ƙas-ƙas duk sanda na karya kwana, esi kuwa gas ɗinsa ya tsiyaye tun zamanin Baturiya. Kowanne sai an je Ƙofar Ruwa, inda mai shago zai tambaye ka, sabo kake so ko mai kyau? Sabon yana cikin kwali mai ƙyalli, mai kyan kuwa tsoho ne da aka ciro daga wata motar da ta riga tawa cikawa a Turai, kuma shi ya fi tsada. Duk wanda ka zaɓa sai an karanta maka labarin dala, wadda ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, ko da kuwa kayan ya daɗe a kan kanta yana shan ƙura tun kafin dalar ta motsa.

Amma cuta uku ce ta haɗu ranar Juma'a. Ta farko silo: a 'yan kwanakin nan in na ɗaga ƙafa daga kan totur sai injin ya yi rawar ɗari ya mutu. Ba komai, in murɗa makulli ta tashi. Ta biyu wata 'yar jar fitila mai hoton batir da ta soma leƙowa a dashbod. Na nuna wa yaron Injiniya, ogan ba ya nan, ya ce wayarin ne, ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya karɓi 500. Fitila ta daina damuna. Ta uku hambirek, wanda wayarsa ta tsinke tun damina, na maye gurbinsa da dutse a but.

Surukina tsohon hedimasta ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda har yau ɗalibansa masu furfura ke gyara tsayuwa in sun hango shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama a gabansa ba sai a ƙasa, kai a sunkuye, in gaida shi in sulale. Ranar nan shi ne waliyyin wata 'yar ƙaninsa, za a ɗaura aure a cikin gari da an idar da salla, ɗansa mai kai shi unguwa kuma ya yi tafiya. Uwargida, ba shawara ba komai, ta ce ai ga mota a gida.

Ya fito cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha sitati ta sha bugu, ga hula zanna, ga ƙamshi. Ya dubi motar, ya yi bisimilla, ya shiga gaba. Muka taso daga Na'ibawa, muka wuce tashar Unguwa Uku, ba mai cewa uffan. Titin Zariya ya cika, kowa na sauri. Wani ɗan Adaidaita Sahu ya yanko gabana ba sigina ba sallama, na taka birki, injin ya yi 'yar rawarsa ya yi shiru. Na murɗa makulli. Ƙyat-ƙyat-ƙyat. Na sake. Ƙyat. Daga nan ko ƙyat ɗin ba ta ƙara samuwa ba. Baba ya dubi agogonsa, ya mai da ido gaba.

Wasu samari suka taimaka muka gangarar da ita gefen titi, ta tsaya daidai gaban baron wani mai rake. Allah ya sani, ban gayyace shi ba. Siririn mutum ne, bai tsufa ba bai kuma yi ƙuruciya ba, ya taso da wuƙar feraye a hannu yana kaɗa kai.

"Yallaɓai, kada ka taɓa komai. Tun daga can na ji kukanta. Lafiyarta ƙalau. Mai ne bai hau ba."

Na ce ai tankin rabi ne.

"To ai shi ke nan. Rabin ƙasa ne. Girgiza ta za a yi."

Kafin in buɗe baki ya yafito samarin nan, biyu nan biyu can, suka kama motar suka hau jijjiga ta, shi yana ba da amo da wuƙa a jikin baro. Baba yana ciki. Bai fito ba, bai ce a bari ba, ya dai sa hannu ɗaya ya dafe hula, ɗayan ya riƙe dashbod, yana tafiya dama yana dawowa hagu, fuskarsa ba ta canza ba. Aka gama, na murɗa makulli, shiru.

"Madalla," in ji mai rake. "Yanzu mun tabbatar ba mai ba ne."

Na tambaye shi ko bakanike ne. Ya dube ni da tausayi. Ya ce shekara 11 ya yi yana sayar da rake a ƙofar gareji, duk abin da kanikawan nan suka sani a gabansa suka koya. Na ce tuƙi fa? Ya ce tuƙi ai na direba ne.

Aka buɗe bonet. Ya aiki almajiri da kuɗina ya sayo baƙin lemon kwalba, ya tsiyaya kaɗan a kan batir, abin ya yi kumfa, ya ce ka gani, cutar ce ke fita. Sauran ya ɗaga kai ya shanye, wai kada a yi almubazzaranci. A nan sai in yi masa adalci: lemon yana ɗan cin farin gishirin da ke taruwa a kan batir, in shi ya hana wuta wucewa. Sai dai batirin da ba wuta a cikinsa ko kiret guda aka juye masa ba zai motsa ba.

"Akwai farasitamol a motar?"

Na ce babu. Sai ga hannun Baba ya fito ta taga da sacet guda, bai ko waiwayo ba. Mai rake ya karɓa da hannu biyu, ya ce ƙwaya bibbiyu ake jefawa kowane rami, kafin ka ƙirga ɗari batir ya farfaɗo. Ya sunkuya yana neman ramukan. Nawa batirin irin rufaffen nan ne da ba a zuba masa ruwa. Ya shafa sama, ya shafa gefe, ya miƙe.

"Batirin zamani ke nan. Ba baki, ta ina zai sha magani?"

Ya sa ƙwayoyin a aljihu. Sannan ya nemi dutse, na ɗauko masa hambirek ɗina daga but. Ya leƙa cikin inji ya ce ina kik ɗin yake? Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma a wannan ƙirar bai sani ba, amma in aka bubbuga ko'ina dole a dace da shi. Ya bubbuga ko'ina. Da hakan bai yi ba ya ce a kawo ɗanyen ƙwai a fasa a lagireto, ƙwan ya dahu ya toshe inda ke yoyo. Na ce ai ba zafi ta yi ba, ba kuma yoyo take ba.

"Za ta yi," in ji shi.

Zuwa lokacin an taru. Wani dattijo mai carbi ya ce in sayar da ita in huta. Wani ya ce sammu ne, shi ma an taɓa yi wa wansa. Wani yaro ya ce a ɗauko batirin Adaidaita a ɗora, mai rake ya ce masa manya na magana. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan gwangwan da ya zo wucewa da kurarsa, ya tsaya, ya zagaya motar, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ya saurara, sannan ya nemi inuwa ya zauna. Bai ce komai ba. Jira kawai yake.

Sai aka kira salla a wani masallaci can ciki. Kafin ka ce kwabo taron ya watse, samarin girgiza sun bi ayari, ya rage daga ni sai almajirai biyu ƙanana, sai mai rake, sai ɗan gwangwan. Wayar Baba ta yi ƙara, na ji ya ce, "Muna hanya." Mai rake ya ce saura dabara ɗaya, wadda da ma ita yake shirin faɗa tun farko: turi. In kunna makulli, in sa giya ta biyu, in danne kuloci, in ta ɗauki gudu in saki. Na ce to ya kama mana. Ya ce shi ba ya barin baro, kuma dole a samu wanda zai tsaya daga nesa ya faɗi lokacin saki. Ɗan gwangwan ya kau da kai, turin nan ba ribarsa ba ce. Almajiran suka dafa but suka yi nishi, motar ko gezau.

Sai na ji an buɗe ƙofa.

Baba ya fito. Ya tattaro hannun babbar riga ya aza a kafaɗar dama, ya tattaro ɗayan ya aza a ta hagu, ya gyara zaman hula, ya taka zuwa bayan mota. Na fito da gudu na durƙusa a kan kwalta.

"Baba, don girman Allah, ka bari. Yanzu zan samo mutane."

"Malam, koma ka riƙe sitiyarinka. Ni ban iya tuƙi ba."

Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Na koma na zauna. Ta madubi na ga tafin hannunsa biyu a kan but, almajiri a dama, almajiri a hagu. Motar ta soma motsi. Ba mu yi taku biyar ba mai rake ya kwarma ihu, "Saki!" Na saki. Motar ta turje wuri ɗaya, na ji ƙirjin surukina ya haɗu da but, dum. "A'a, ka yi gaggawa," in ji mai rake. Aka sake ɗauka. Wannan karon suka ba ta gudu sosai, ina jin takun takalmin Baba, faf-faf-faf, ina jin numfashinsa. Na saki kuloci.

Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, sannan salansa ta yi wata irin ƙara da ta sa tattabarun saman shaguna suka tashi. Duk ɗanyen man da ya taru a cikinta tun da aka fara wahala, da baƙin tokar da ta shekara tana jira, suka fito a dunƙule. Motar ta zabura ta yi gaba. Daga baya na jiyo mai rake:

"Kada ka tsaya! In ka tsaya ta mutu!"

A duk abin da bawan Allahn nan ya faɗa ranar, wannan kaɗai ce gaskiya, kuma ita ce ta kashe ni. Ban tsaya ba.

Madubin nan nake gani duk sanda na rufe ido. Da farko ba komai sai baƙin hayaƙi. Sai iska ta ɗan yaye shi, hula ta bayyana, tana nan daram. Sai fuska. Sai hannaye biyu, har yanzu a miƙe a gaba, suna tura motar da ba ta nan. Sai rigar. Daga ƙirji zuwa gwiwa farar shaddar nan ta koma kamar gindin tukunya, aikin wuyan da aka yi wata ana yi da allura ya ɓace a ciki. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Almajiran suna tsalle suna tafi, su a wurinsu aiki ya yi kyau. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar Titin Zariya, yana ƙanƙancewa a cikin madubi, yana kallon mijin 'yarsa na tafiya.

Na zuro kai ta taga na ƙwala da iyakar muryata, "Baba, ina zuwa!"

Na yi ta maimaita wurin nan a raina, kuma ina so mai karatu ya zauna a kujerata kafin ya yanke hukunci. Abin takawa uku ne a ƙasa, ƙafa biyu gare ni. Dama tana kan totur, in ta ɗaga inji ya mutu. Hagu tana gadin kuloci. Birki wa zai taka? Hambirek ɗina kuwa yana can a hannun mai rake. Na bi lissafin nan ta gaba, na bi shi ta baya, ban ga ƙofa ba. Da daddare na zana wa uwargida shi dalla-dalla, har da misali da takalma uku a kan tabarma. Ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Abban Ummi, da ka mai da giyar firi, ba sai hagun ta huta ta taka birkin ba?" Na ce mata shayin nan ya huce, a sake ɗumamawa.

Titin Zariya biyu ne, da shingen kankare a tsakiya, ba a juyawa sai inda aka yanka. Na yi ta tafiya ina nishi, ina ba ta wuta, ina roƙon Allah kada danja ta kama ni, har na samu mayanka na karya. Na dawo ta ɗaya hannun, na hango su a tsallake. An zaunar da Baba a kan bencin mai rake, almajiri ya tsinto takalmin, mai rake ya ɗauko tsumman da yake goge wuƙa yana share masa gaban riga, abin da bai kai kafaɗa ba yanzu ya kai. Na wuce su, na sake neman mayanka, na sake karyawa, na biyo hannunsu.

Na yi niyyar tsayawa, Allah ne shaida. Na sa sigina, na rage wuta, na matso gefe. Injin ya soma rawa, sitiyari na karkarwa, jar fitilar nan har ta cikin salatif ina hango ta. Ƙafata da kanta ta koma kan totur. Mai rake kuwa ya riga ya fito bakin titi yana kaɗa hannu biyu:

"Wuce! Wuce! Ƙaro zagaye ɗaya batir ya cika!"

Na zo daidai bencin. Baba yana zaune, da guntun rake a hannu, yana taunawa a hankali. Muka haɗa ido. Tarbiyya ba ta barin mutum ko a ina: na cire hannu ɗaya daga sitiyari, na dunƙule, na rusuna har goshina ya taɓa hon, hon ya yi ƙara, na ce, "Sannu da hutawa, Baba." Na wuce. Idonsa ya raka ni, kansa na juyawa sannu a hankali daga dama zuwa hagu, bakinsa bai daina tauna ba.

Ina jiyo mai rake yana yi masa bayani da ƙarfi: "Baba Alhaji, in ya dawo zai buɗe ƙofa, kai kuma ka ɗan bi ta da gudu, ka kama ka ɗane. Ƙafar hagu ake fara sawa. Haka yaran mota ke yi." Mutumin da ya ba saba'in baya.

A zagaye na gaba motar ta yanke wa kanta hukunci. Tun daga nesa fitilun dashbod suka dushe, totur ya daina amsawa, ta gangaro a hankali ta zo ta tsaya daidai inda ta mutu da farko, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Bencin ba kowa. Ɗan gwangwan ya miƙe ya karkaɗe wando.

Mai rake ya ce Alhaji ya tari Adaidaita ya tafi, shi ya tsayar masa ma, ya kuma gaya wa direban hanyar da ba cunkoso, ko da yake direban bai bi ba. Ya miƙo mini baƙar leda. Babbar rigar ce a ciki. Wato waliyyin amarya, a gaban dangin ango da liman da manyan unguwa, da 'yar ciki ya ba da aure.

"Ya ce a ba ka, wai kai ka san mai wanki. In ka bi tawa, kada ka kai wa mai wanki. Kananzir da lemon tsami da toka, a shanya a rana kwana uku."

Sai bayan la'asar Injiniya ya iso a kan babur, da yaronsa a baya rungume da batirin aro. Ya ɗora mita a kan nawa batirin, ya tsuke baki. Ya ce lafiyayyen batir in mota na kashe 12.6 yake nunawa, in tana aiki kuma altaneto na cajinsa sai ya kai wajen 14. Aka tayar da ita da na aro, allura ko 13 ba ta kai ba sai an ba ta wuta sosai. Altaneto ya gaji, gawayin cikinsa ya cinye, mako da makonni motar na cin batir ba ta mayarwa, har ta tsotse shi ya mutu murus. Silo kuma ƙurar hunturu ce da baƙin maiƙo suka toshe 'yar hanyar da iska ke bi in an ɗaga ƙafa daga totur. Ya ce ai motar ta faɗa maka, akwai fitilar da ke nunawa. Ya leƙa dashbod, ya sa farce ya ɓanɓaro salatif.

"Wane jahilin ne ya liƙe wannan?"

Yaronsa ya ɗaga kai yana nazarin sararin samaniya.

A kan bonet ya yi mini lissafi da bayan kwalin fulogi. Altaneto mai kyau, wato tsoho, 55,000. In ina so a canza gawayin kawai ya fi sauƙi, amma shi ba ya ɗaukar alkawari. Batir sabo 85,000, za a rage mini wani abu in na ba da gawar tsohon. Wankin totur 5,000. Wayar hambirek 12,000. Kuɗin aiki 15,000, don ni na gida ne. Jimla 172,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 yake 70,000. Ban da mai wanki, ban da shaddar da uwargida ta ce in wankin bai fita ba sai an ɗinka sabuwa, ban da buhun shinkafar da yayanta ya ce shi ne mafi ƙarancin abin da ake shiga gidan da shi bayan irin wannan. Ɗan gwangwan, wanda ya matso yana sauraro, ya buɗe baki karo na farko ya faɗi abin da zai ba ni a kan motar gaba ɗaya. Injiniya ya ce ya bar nan. Ni kuwa na ɗan yi shiru fiye da yadda ya kamata.

Mai rake duk yana tsaye yana gyaɗa kai. Ya ce wa Injiniya, "Abin da na gaya masa ke nan tun ɗazu. Altaneto. Bai ji ba." Injiniya ya ce ai mutane ba sa jin magana.

An ɗaura batirin aro, zan ja mota zuwa gareji, sai ya dafa tagar.

"Yallaɓai, shawara kyauta ce, don Allah na yi. Sai dai rake. Alhaji ya sha na 200, ya saya wa almajirai na 400. Ɗan Maƙarfi ne, ba ragi. Ya ce surukinsa zai biya in ya samu tsayawa."